Fuska a Madadin Lambar Sirri: Yadda Wani Banki a Biyetnam Ya Yi Fama da Asusun Haya

Wannan nazari ya bi sawun wani matsakaicin bankin kasuwanci a Biyetnam, irin wanda galibin masu hulɗa da shi ta waya suke shiga asusunsu, ba ta reshe ba. An sakaya sunansa. Alƙaluman da ke ciki na ƙasar ne baki ɗaya, yadda hukumomi suka fitar da su, domin wa'adin tantance fuskar masu asusu da aka ɗora masa shi ne aka ɗora wa sauran bankuna, kuma ɓarayin da suka addabe shi ba su tsaya a ƙofarsa kaɗai ba.

## Asali: 2021

Kafin 2021, galibi mai son asusu sai ya taka zuwa reshe da katinsa, ma'aikaci ya dube shi ya dubi hoto. Daga watan Maris na shekarar, Babban Bankin Biyetnam ya yarda a buɗe asusu ta waya: ka ɗauki hoton katin shaida gaba da baya, ka ɗauki na fuskarka, manhaja ta gwada biyun, shi ke nan. An sa wa irin wannan asusu iyakar dong (kuɗin ƙasar) miliyan 100 a wata. A tsakiyar shekarar kuma NAPAS, kamfanin da kuɗi ke ratsawa ta cikinsa tsakanin bankunan ƙasar, ya fito da VietQR, lambar biyan kuɗi guda da manhajojin bankuna daban-daban ke iya karantawa. Kullen korona, wanda ya fi tsanani a birnin Ho Chi Minh, ya ƙarasa sauran aikin.

Mai sayar da romon taliya a bakin titin Hanoi sai ta manna lambarta cikin leda a jikin tebur. Mai saye ya haska ta da waya, kuɗin sun shiga kafin ta gama barbaɗa masa ganye. Hanyar NAPAS 247 ba ruwanta da dare ko ranar hutu, tana ɗaukar duk abin da bai kai dong miliyan 500 ba a tashi ɗaya, kuma abin da ya tafi ya tafi.

Bankin ya shiga gasar tara asusu da ƙarfinsa: ya yafe kuɗin turawa, yana ba da tukuici ga wanda ya kawo sabon mutum. Ƙirƙirarriyar basira ta riga ta shigo tun a wannan mataki. Inji ɗaya yana karanta rubutun katin, wani yana gwada fuskar mai nema da hoton da ke jikin katin. Sai dai abin da ake gwadawa da shi hoto ne na kati, ba katin ba. Tsohon katin shaida mai lamba tara, na takarda ne da aka rufe da leda, yana nan a hannun miliyoyin mutane, kuma sauya hoton da ke kansa ba wani aiki ba ne ga mai kwamfuta. Idan maƙirƙiri ya ɗora hotonsa a katin wani, injin zai gwada fuskarsa da hotonsa ya ce sun dace. Bai yi kuskure ba, abin da aka ba shi ne jabu.

## 2022 zuwa 2023: ɓarna ta fito fili

Koke-koken da suka riƙa zuwa kusan salo ɗaya ne. An kira mutum an ce ɗan sanda ne ko mai gabatar da ƙara, an ce sunansa ya fito a binciken safarar ƙwaya, ya tura kuɗinsa wani asusu a tantance. Ko an yaudare shi da aikin intanet mai biyan lada idan ya fara ajiye wani abu. Kuɗin su sauka a asusu na farko, kan a ce kwabo an rarraba su zuwa asusu huɗu ko biyar a wasu bankuna, daga nan su koma kuɗin kirifto ko su tsallake iyaka. Idan ma'aikatan banki suka bi diddigi, sai su tarar mai asusun farko ɗalibi ne ko lebura da ya sayar da shi a kan 'yan dubu ɗari na dong, bai ma san wanda ke riƙe da shi ba. Dokar wancan lokaci ta tanadi tarar dong miliyan 40 zuwa 50 ga mai sayarwa ko bayar da hayar asusu ƙasa da goma, amma ba ta hana kasuwar ci ba. Ma'aikatar Tsaron Jama'a ta ƙiyasta asarar damfarar intanet ta 2023 a kan dong tiriliyan 8 zuwa 10.

Matakin farko da bankin ya ɗauka shi ne janye mutane daga lambar sirri ta amfani sau ɗaya (OTP) ta saƙon tes zuwa wadda manhaja ke haifarwa a cikin wayar. Akwai dalili: 'yan damfara suna yawo a mota da na'urar da ke kwaikwayon turken sadarwa, suna cusa saƙon bogi cikin jerin saƙonnin banki na gaskiya. Sauyin ya toshe wannan kafa, bai taɓa asusun haya ba ko kaɗan, domin mai sayar da asusu yana miƙa komai ne da hannunsa, da layin waya da kalmar sirri. Bai kuma daɗe ba aka zagaye shi. A Oktoba 2023 kamfanin tsaro na Group-IB ya bayyana wata muguwar manhaja da ya kira GoldDigger, wadda ke zuwa da rigar shafin gwamnati, ta nemi izinin sashen Android da aka tanada don taimakon masu lalura, da shi take karanta allo tana latsa maɓalli a madadin mai waya. Manhajojin kuɗi sama da 50 na ƙasar ta sa a gaba.

Mataki na biyu ƙa'idoji ne da aka rubuta da hannu: idan asusu sabo ne kuma ya karɓi kuɗi masu kauri, a ɗaga tuta, idan an tura da tsakar dare, a ɗaga tuta. Irin wannan ƙa'ida tana da baki ɗaya tak, kuma ɓarawo yana gano inda bakin yake da 'yan gwaje-gwaje, sai ya riƙa wucewa ta ƙasansa. Masu gaskiya ne suka riƙa faɗawa tarkon. An kuma buɗe jerin baƙin asusu na cikin gida, amma kafin wanda aka cuta ya farga ya kai ƙara an riga an yashe asusun an koma wani.

## Disamba 2023 zuwa Yuni 2024: Umarni mai lamba 2345

Ranar 18 ga Disamba 2023 Babban Banki ya fitar da Umarni mai lamba 2345, da wa'adin 1 ga Yuli 2024. Duk wanda zai tura sama da dong miliyan 10 a tashi ɗaya, wajen dala 400 ke nan a lokacin, sai ya nuna fuskarsa. Haka idan ƙananan turawa suka taru suka haura miliyan 20 a yini. Haka ma idan aka ɗora manhajar a sabuwar waya. An kuma wajabta ajiye bayanan na'urar da aka yi amfani da ita da tarihin tantancewa na aƙalla wata uku. Tailan ta riga ta bi wannan hanya a 2023, da iyakar baht 50,000.

Abin da ya bambanta umarnin da tsarin 2021 shi ne wurin da za a samo fuskar da ake gwadawa da ita. Tun 2021 Ma'aikatar Tsaron Jama'a take raba sabon katin ɗan ƙasa mai lamba goma sha biyu, wanda ke ɗauke da ƙwayar lantarki irin ta fasfo. A cikin ƙwayar akwai suna, ranar haihuwa da hoton fuska, duka da sa hannun lantarki na ma'aikatar. Umarnin ya ce da wannan hoton za a gwada, ko ta asusun shaida na manhajar gwamnati ta VNeID.

Ga yadda bankin ya tsara rajistar. Mutum ya ɗauki hoton katin gaba da baya. Layukan haruffa uku da ke ƙasan bayan katin su ne ke ba da mabuɗin buɗe ƙwayar. Sai ya manna katin a bayan wayar ya riƙe na 'yan daƙiƙu, wayar ta karanto bayanan ta hanyar NFC, na'urar da ke karanta ƙwaya idan an manna ta da waya. A duba sa hannun a tabbatar na ma'aikatar ne kuma ba a taɓa komai ba. Sannan ya fuskanci kamara.

Daga nan injuna biyu ke aiki, kuma ya kamata a rarrabe su, don abin da ya faru daga baya ya rataya ne a kan bambancinsu. Na farko mai gwada kama ne. Yana mayar da kowace fuska jerin lambobi, galibi ɗaruruwa, ya auna nisan da ke tsakanin jerin fuskar kamara da na hoton ƙwaya. Banki ne ke yanke inda za a ja layi. A tsaurara layin, a riƙa korar masu asusu na gaskiya. A sassauta, ɗan'uwa mai kama da mutum ya wuce. Na biyu shi ne gwajin rai, wanda tambayarsa daban ce: abin da ke gaban kamara mutum ne mai numfashi, ko takarda, ko allon wata waya, ko abin rufe fuska? Wani salon yakan ce ka ƙifta ido, ka juya kai, ka matso. Wani yakan yi shiru yana duba laushin fata, yadda haske ke dawowa, da ɗigo-ɗigon da allo ke bari idan aka ɗauke shi da kamara. Gwajin rai ya fi cin ƙarfin kwamfuta nesa ba kusa ba, musamman idan a rumbun kwamfutocin banki ake yin sa ba a cikin wayar ba.

Tun kafin wa'adin ya cika aka ga inda gaba ta dosa. A Fabrairu 2024 Group-IB ya bayyana GoldPickaxe, ƙanwar waccan manhaja, mai aiki a Android da iPhone, wadda ke sa mutum ya ɗauki bidiyon fuskarsa da hoton katinsa ta aika wa masu ita. Tailan da Biyetnam ta nufa.

## Makon farko na Yuli 2024

Bankin ya buɗe rajista tun kafin wa'adi, yana ta aika tunatarwa, amma jama'a da yawa sai ranar suka tashi. Matsalar da ta fi yawa ba ta basira ba ce, ta ƙarfe ce. A iPhone na'urar NFC tana can sama kusa da kamara, a wayoyin Android tana iya zama a tsakiya ko wani wuri, kuma mutane suna ta goga katin sama da ƙasa, alhali so ake a tsayar da shi cak. Rigar waya mai kauri ko mai maganaɗisu tana tare siginar. Wayoyi masu araha da yawa ba su da NFC sam. Masu tsohon kati da baƙi masu fasfo dole sai reshe. Rassa suka cika, wasu bankuna har da aikin Asabar da Lahadi.

Masu gwada kama ma sun sha wuya. Hoton ƙwaya ƙarami ne, an matse shi, wani an ɗauke shi shekara uku baya. Wanda ya rame, wanda ya yi ƙiba, wadda aka yi wa gyaran hanci ko ido, tsoho mai riƙe waya a ƙasan haɓa cikin ɗaki mai duhu, duk injin yana iya cewa bai san su ba.

Cunkoson ya danne rumbun tantancewa, turawa ta fara maƙalewa. Zaɓi biyu ne a gaban bankin: ya bar mutane ba sa iya biyan kuɗi, ko ya sauke wa injin kaya. Ya sauke, kamar yadda wasu takwarorinsa suka yi, kuma gwajin rai ne aka kashe na ɗan lokaci tunda shi ya fi nauyi. Ba a jima ba bidiyo suka bazu a Facebook: mutum ya ɗaga hoton mai asusu a gaban kamara, kuɗi sun wuce. Jaridun ƙasar suka ɗauka. Aka ƙara ƙarfin rumbu, aka mayar da gwajin cikin kwanaki. A makon ne kuma 'yan damfara suka fara kira da sunan ma'aikatan banki masu "taimaka" wa mutane da rajistar fuska, suna karɓar hoton kati da bidiyo.

Duk da haka aikin ya tafi. Zuwa 3 ga Yuli, Babban Banki ya ce an tantance asusu sama da miliyan 16.

## Agusta zuwa Disamba 2024: sakamakon farko

Bayan wata biyu da 'yan kai adadin ya kai kusan miliyan 38. Babban Banki ya ce a Agusta yawan damfarar da aka kai ƙara ya ragu da kusan rabi idan aka kwatanta da matsakaicin watanni bakwai na farkon shekara, asusun da ke karɓar kuɗin damfara kuma sun ragu da kashi 72 cikin ɗari. Dalilin a bayyane yake. Asusun da aka saya daga ɗalibi ya zama ba ya fitar da fiye da miliyan 20 a yini sai ɗalibin yana kusa. Wanda aka buɗe da katin jabu kuwa ba shi da hanyar haura wannan iyaka sam, domin ba shi da ƙwayar da za a karanta.

Ɓarayin suka sauya salo ta hanyoyin da aka bari a buɗe. Suka riƙa yanka kuɗi ƙasa da miliyan 10 suna bazawa a asusu da yawa. Suka koma yin rajistar kamfanoni na takarda, tunda umarnin bai shafi asusun kamfani ba. Wasu suka daina sayen asusu suka koma ɗaukar mai asusun da kansa, a ajiye shi a ɗaki, wani lokaci a ƙetaren iyaka, aikinsa kawai ya kalli kamara idan an ce ya kalla. Ƙungiyar Tsaron Intanet ta Ƙasa ta ƙiyasta asarar 2024 a kan dong tiriliyan 18.9.

Hukuma ta bi su da ƙa'idoji. Mai lamba 17 ta 2024 ta ce daga 1 ga Janairu 2025 duk asusun mutum da ba a tantance fuskarsa ba an rufe masa hulɗa ta intanet, ko nawa ne kuɗin, daga 1 ga Yuli 2025 kuma sai wakilin kamfani na doka shi ma ya nuna fuska. Tsohon kati mai lamba tara ya daina aiki a ƙarshen 2024. Mai lamba 50 ta 2024 ta sa wa injin ma'auni: kada ya kori masu gaskiya da suka kai kashi 5 cikin ɗari, kada ya karɓi baƙuwar fuska da ta kai 1 cikin 10,000, kuma dole ya kasance da gwajin rai bisa mizanin duniya. Daga nan kashe gwajin don rage cunkoso ya zama saɓa doka.

## 2025: fuskar jabu, da inji na uku

A watan Mayu 2025 'yan sandan lardin Thai Binh suka sanar da kama mutum 14 a wata ƙungiyar caca da wanke kuɗi da ta juya kimanin dong tiriliyan ɗaya. Idan sun sayi asusu, sai su sa mai shi ya ɗauki gajeren bidiyon fuskarsa na wajen daƙiƙa 30. Da shi suke haɗa fuskar jabu mai motsi, su ci gaba da tura kuɗi ba tare da shi ba.

Irin wannan hari ba ya bi ta gaban kamara. A wayar da aka fasa makullin tsarinta, ko a kwamfutar da ke kwaikwayon waya, ana iya cire kamarar gaskiya a cusa bidiyo kai tsaye ta bututun da hoto ke bi zuwa manhaja. Gwajin rai da aka horar don gano takarda da allo ba ya ganin ko ɗaya, domin babu su. Maganin da bankin ya bi kashi biyu ne. Manhaja ta fara bincikar wayar da kanta, ta ƙi aiki idan ta ga alamun an taɓa tsarin. Sannan aka sa wa gwajin abin da ba a iya shiryawa tun da wuri: umarnin motsi da ke sauyawa kowane karo, ko launukan da allo ke walƙawa a jere daban-daban, a duba ko sun bayyana a fatar fuska a daidai lokacin. Daga baya hukuma ta mayar da binciken wayar wajibi ga kowane banki, daga 1 ga Maris 2026.

A wannan lokaci ne aikin ya karkata daga fuska zuwa ɗabi'ar kuɗi. Bankin ya horar da inji na uku a kan tarihin hada-hadarsa, wanda ke ba kowace turawa maki kafin ta fita, cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. A ɓangaren mai karɓa yana duba shekarun asusun, ko ya daɗe a kwance sannan ya farka kwatsam, mutum nawa da ba su san juna ba suka turo masa, minti nawa kuɗi ke yi kafin su fita, nawa ake bari a ciki, da ko waya ɗaya ce ke shiga asusu da yawa. A ɓangaren mai turawa yana duba ko ya taɓa tura wa wannan asusu, ko ya fasa ajiyarsa ta dogon zango yanzun nan, ko akwai manhajar da ke riƙe da izinin sarrafa allo, ko lambar asusun rubuta ta aka yi ko liƙo ta.

Wahalar farko ta lissafi ce. A ɗauka misali cikin turawa miliyan ɗaya, ɗari ne na damfara. Injin da ke kuskure a kan kashi 1 cikin ɗari na masu gaskiya, wanda a takarda ya yi kyau, zai tare mutum kusan 10,000 don ya kama ɗari. Babu ɗakin amsa waya da zai ɗauki wannan. Shi ya sa aka bar tunanin "a tare ko a bari" aka koma hawa uku: maki kaɗan ya wuce, matsakaici a nuna gargaɗi a nemi fuska ko da kuɗin ba su kai miliyan 10 ba, mai yawa a riƙe har ma'aikaci ya kira.

Ta biyu ita ce masu kama da ɓarawo. Mai sayar da tufafi kai tsaye a TikTok ko Facebook tana karɓar kuɗi daga baƙi ɗari a dare ɗaya, washegari ta kwashe ta biya dila. A idon zubin farko na wannan inji ita da asusun haya ba su da maraba. Abin da ya raba su shi ne tsawon tarihi, girman kuɗin da ke maimaita kansa daidai da farashin kaya, da cewa inda take turawa wuri ɗaya ne ko biyu da ba sa sauyawa. Lokacin bikin sabuwar shekara na Tet kuwa, da kuɗin ƙarshen shekara na ma'aikata, biyan basussuka da kyautar barka da shekara, ƙasar duka takan fita daga al'adarta. Injin da bai ga Tet na baya a cikin abin da aka horar da shi ba zai yi ta ihu a banza, don haka sai an haɗa masa bayanan fiye da shekara guda, an kuma gaya masa kalandar wata.

Ta uku jinkirin labari. Injin yana koyo ne daga turawar da aka tabbatar damfara ce, tabbacin kuwa yana zuwa bayan makonni, kuma mutane da yawa kunya ba ta barinsu su kai ƙara. Kullum da salon jiya ake koya masa. Aka mayar da sake horarwa aiki na yau da kullum, ana fara gwada sabon inji a ɓoye kusa da tsohon, yana ba da maki ba ya tare kowa, sai an ga bai fi ɓarna ba a sake shi.

Akwai kuma iyakar da bankin ba zai iya tsallakewa shi kaɗai ba. Yana ganin kuɗi sun fita zuwa wani banki, daga nan ido ya ƙare.

## Afrilu zuwa Satumba 2025: rumbun haɗin gwiwa da shara

Babban Banki ya gina rumbu mai suna SIMO, inda bankuna ke zuba asusun da suke zargi, kowa ya iya tambaya kafin ya saki kuɗi. An fara gwada shi a Afrilu 2025 a ɗaya daga cikin manyan bankunan ƙasar, wasu suka biyo baya. Mai turawa ya rubuta lambar asusu, kafin ya tabbatar sai gargaɗi ya fito cewa ana zargin asusun nan. Ya rage nasa ya fasa ko ya ci gaba. Ga bankin, amfanin ya wuce gargaɗin: jerin ya zama ƙarin abin koyarwa ga inji na uku, mai ɗauke da asusun da bai taɓa gani ba.

Sai shara. Babban Banki ya ce cikin asusu kusan miliyan 200 da ke ƙasar, asusu miliyan 113 na ɗaiɗaikun mutane da sama da 711,000 na ƙungiyoyi da kamfanoni ne aka tantance. Ragowar kimanin miliyan 86 aka fara share su daga Satumba 2025. Ba duka ne na 'yan damfara ba. Da yawa ragowar gasar 2021 ce, waɗanda aka buɗe don tukuici aka manta, akwai kuma na baƙi da suka bar ƙasar ba su da hanyar zuwa reshe. Amma daga irinsu ne kasuwar haya take ɗiban kaya.

Tarin fuskokin ya zo da nasa nauyi. Dokar bayanan mutum mai lamba 13 ta 2023 ta sa bayanan jiki cikin masu buƙatar kariya ta musamman, Majalisar Dokoki kuma ta zartar da cikakkiyar doka a Yuni 2025 mai fara aiki 1 ga Janairu 2026. Kalmar sirri idan ta fita ana sauya ta, fuska ba a sauya ta.

## Hukunci

Injin gwada fuska na 2021 da na 2024 ba su da nisa sosai a ƙwarewa. Na farko ya gaza, na biyu ya yi tasiri, kuma abin da ya raba su shi ne ƙwayar katin da sa hannun ma'aikata. Yabon da ake yi wa ƙirƙirarriyar basira a kan raguwar Agusta 2024, kaso mai tsoka nasa na aikin raba kati ne da aka shafe shekara uku ana yi. Bankin da ke ƙasar da ba ta da irin wannan tushe, ya sayi injin nan yau, sakamakon 2021 zai samu.

Kashe gwajin rai a makon farko kuskure ne na shiri, ba na fasaha ba. An auna ƙarfin rumbu da cinikin rana ta yau da kullum, alhali an san ranar wa'adi ba irinta ba ce. Da an yi wani ɓangare na gwajin a cikin wayar, ko an raba rajista rukuni-rukuni, ko ma an zaɓi layin jira maimakon sauke kariya, da hoton takarda bai wuce ba. Barin asusun kamfani har shekara guda bayan na mutane shi ma ya ba da hanya a fili, ko da yake wannan ba a hannun bankin yake ba.

Inji na uku shi ne ya fi wahalar ginawa, ya fi cin ma'aikata, kuma shi kaɗai ke taɓa nau'in damfarar da ya rage. Dattijuwar da "ɗan sanda" ke kan layi da ita, ita ce ke riƙe da wayarta, katinta na gaskiya ne, fuskarta ce a kamara, tana ƙifta ido yadda aka ce. Injin farko da na biyu za su amince da ita, kuma daidai suka yi. Abin da zai iya tsayar da kuɗinta shi ne makin asusun da ke karɓa, da mintocin da banki ya yarda ya riƙe su. Gargaɗin SIMO ana iya latse shi a wuce, mai kiran kuma yakan riga ya gaya mata cewa zai fito, kada ta kula. Riƙewa kuwa tana cin karo da alƙawarin da aka gina kasuwar a kansa tun 2021, cewa kuɗi na isa nan take. Bankin ya tsaya a kan riƙe masu maki mafi yawa kaɗai, kuma inda za a ja wannan layi ana sake duba shi duk lokacin da aka sake horar da injin.